Abin da Ke Hana Mota Tashi: Batir da Zafin Rana

Jawabin kimiyya na yau a kan batirin mota ne, da dalilin da ya kan sa mota ta ƙi tashi da safe, alhali jiya lafiya lau aka kashe ta.

A birnin Doha, babban birnin ƙasar Katar, akwai wata unguwa da a ke kira Al-Sadd. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun san sunan, domin can ne gidan ƙungiyar Al-Sadd wadda aka kafa a 1969. Unguwa ce mai cunkoso, ga kantuna, ga ofisoshi, motoci kuwa birjik a bakin titi, da yawansu a rana su ke yini. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Doha ya kan wuce digiri 40 kusan kullum da rana, har a watan Yuli na 2010 aka auna digiri 50.4. Saboda wannan zafi ne aka ɗage gasar cin kofin duniya ta 2022 zuwa Nuwamba da Disamba. To, abin da ke damun direba a Al-Sadd, shi ne ke damun ɗan'uwansa a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu.

Mutane da yawa su na tsammanin sanyi ke kashe batir, don sun ga mota ta fi yin gardama da asubahin hunturu. Masana kuwa sun tabbatar zafi ne ke cin batir a hankali, sanyi tona masa asiri kurum ya ke yi. Domin a gane haka, sai an san abin da ke cikin wannan baƙin akwati.

Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago irin wannan batir a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna shida, a kowane ɗaki akwai faifai na darma iri biyu a tsome cikin ruwan batir, watau ruwa da aka gauraya da asid na farar wuta. Ƙarfin lantarki da bolt a ke auna shi, sunan kuwa an samo shi daga Alessandro Volta, masanin ƙasar Italiya wanda ya haɗa batir na farko a 1800. Kowane ɗaki ya na ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya, ɗakuna shida su haɗu su ba da wajen bolt 12.6 idan batir ya cika. Lokacin da batir ke ba da wuta, asid ya kan kama darmar, wani farin gishiri ya fito a jikin faifan. Idan injin ya tashi, sai dinamo ya mai da wuta cikin batir, gishirin nan ya narke, asid ya koma cikin ruwa. A motocin zamani altaneta a ke kiran wannan dinamo.

Babban aikin batir na 'yan daƙiƙu ne kawai, watau juya sitata. A da, da hannu a ke murza injin daga gaba, har aka yi ta karya hannuwa, sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata ta lantarki wadda Charles Kettering ya ƙera. Wutar da sitata ke zuƙa ta ninka ta fitilun gaba sau goma ko fiye. Shi ya sa batir ya kan iya kunna rediyo da hon, amma ya kasa ta da injin.

Zafi kuwa ɓarna uku ya ke yi. Na farko, ya kan ƙafar da ruwan batir, har kan faifai ya fito fili ya bushe, wurin da ya bushe kuwa ba ya sake aiki. Na biyu, ya kan gaggauta cin da asid ke yi wa darmar. Masu ilmin haɗa magunguna sun gane cewa in zafi ya ƙaru da digiri goma, saurin irin wannan ci ya kan kusan ninkawa biyu. Na uku, batir ya kan zubar da wutarsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, zubarwar kuwa ta fi sauri cikin zafi. Saboda haka batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a Ingila, a ƙasashen bakin Tekun Fasha ya kan gaza cikin shekara biyu. Mutumin da ya tafi hutun bazara ya bar motarsa a rana wata guda ko biyu, ba abin mamaki ba ne ya dawo ya tarar ko fitila ba ta kamawa. Wani batirin kuwa ya kan lallaɓa ya ƙare bazara da ƙyar, sai sanyi ya zo, man injin ya yi kauri, ƙarfin batir ya ragu, sa'an nan ya faɗi. Sai a ɗora wa hunturu laifi, alhali tun bazara aka yi ɓarnar.

Idan mota ta ƙi tashi, abin da ya kamata direba ya fara yi shi ne ya kasa kunne, kafin ya taɓa kome. In ya murɗa makulli ya ji shiru, fitilun da ke gabansa ma ba su kama ba, to, ko dai batir ya ƙare ƙaƙaf, ko kuwa wayar da ke kansa ta saki. In ya ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu su na dushewa, akwai sauran wuta amma ba ta isa ta juya sitata ba. Haka nan in injin ya juya a hankali kamar mai nishi. Amma in ya kunna fitilun gaba ya murɗa makulli, fitilu suka tsaya da haskensu garau, injin kuwa bai motsa ba, sai a nemi laifin a wajen sitata, ko makulli, ko a duba ko giyar mota mai canza giya da kanta ba ta kan tsayawa. In kuwa injin ya na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, batir ba shi da laifi, sai a duba fetur da fulogi. Wanda ya san wannan bambanci ba zai sayi sabon batir a banza ba.

Bayan saurare sai a buɗe bonet a duba kawunan batir guda biyu. Sau da yawa a kan tarar da wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kansu, ya hana wuta wucewa. A kwance wayar kan mai alamar ɗebewa tukuna, sa'an nan ta mai alamar tarawa, a wanke su da ruwan kanwa, domin kanwa ta na kashe kaifin asid, amma kada a bari ya shiga cikin batir. A goge su bushe, a mayar da ta tarawa tukuna, a ɗaure da sifana, a shafa ɗan giris. Wannan kaɗai ya ta da motoci da yawa.

Mai mita kuwa sai ya auna. Batirin da ya huta, in ya nuna bolt 12.6 ya cika, in 12.2 ne saura kamar rabi, in ya yi ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Idan injin ya tashi, ya kamata mita ta hau zuwa wajen bolt 14. In ba ta hau ba, dinamo ba ya caji, ko fambel ya yi sako-sako, ko an sa sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu.

Motar da ke da kuloci a kan tura ta a giya ta biyu ta tashi. Mai canza giya da kanta, wadda ita ce ta fi yawa a Doha, turi ba ya ta da ita, sai an jona mata wuta daga wata motar. A nan ne a ke bukatar natsuwa, domin batir ya kan fitar da iskar haidirojin wadda tartsatsi kaɗan ke sa ta fashe. A kashe taba, a nisanta ashana. Jar waya ta haɗa kan tarawa na mataccen batir da kan tarawa na mai rai. Baƙar waya ta kama kan ɗebewa na mai rai, ɗaya bakin nata kuwa a maƙala shi a wani tsiraran ƙarfe na injin motar da ta mutu, nesa da batir, don in tartsatsi zai tashi ya tashi can. In mota ta tashi, a cire wayoyin daga ta ƙarshe zuwa ta farko, a yi tafiya ta wajen rabin sa'a ko fiye. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ba a jona masa wuta ko kaɗan. In asid ya fantsama a ido ko a jiki, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.

Rigakafi dai ya fi magani. A nemi inuwa a ajiye mota. Batirin da ke da murafu, a riƙa duba ruwansa kowane wata lokacin zafi, a ƙara masa tataccen ruwa har ya rufe faifai. Ruwan rijiya da na famfo su na da gishiri iri-iri masu ɓata faifan. Asid kuwa ba a ƙara shi, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid na nan. Mai gajeruwar tafiya cikin gari ya riƙa yin doguwa jifa-jifa, don batir ya cika. Mai tafiya hutu ya kwance wayar ɗebewa, ko ya bar wa wani amintacce makulli.

Saura magana guda. Mataccen batir guba ne. A unguwar Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ƙurar darma daga tsofaffin batura da a ke fasawa a cikin unguwa. Saboda haka kada a fasa batir a gida, kada a zubar da ruwansa inda yara ke wasa ko kusa da rijiya. A mayar da shi ga masu sayar da batir, domin darmarsa a kan narkar da ita a masana'anta a yi sabo.

Ƙarshen jawabin ke nan. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.