Daga Gwandu Zuwa Kalgo: Sayen Sabon Gidan Haya Ba Ya Kau Da Harajin Riba

Tun daga shekarar 2013 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a ƙasar Kalgo, ɗakunan haya suka yi daraja a wannan gari, saboda ɗalibai da ma'aikata masu neman wurin zama. Wannan ya sa wanda ke da gidan haya a Gwandu, tsohon mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, zai iya ganin gara ya sayar ya gina ɗakuna a Kalgo. To, amma kafin ya ƙulla ciniki, wajibi ne ya san cewa gwamnati tana da rabonta a cikin ribar, ko da kuwa ya zuba kuɗin dukkansu a sabon ginin.

Shi dai wannan haraji, a shekarar 1967 aka kafa shi a Nijeriya. Da farko kashi 20 daga cikin 100 na ribar ake karɓa, daga 1996 aka rage shi ya koma kashi 10. Riba kuwa ita ce abin da ya saura bayan an cire kuɗin sayen gidan da na ƙarin gini da ladan lauya da na dillali.

Waccan doka ta yarda a jinkirta harajin idan mutum ya sayar da ginin da yake gudanar da sana'arsa a ciki, ya sayi wani irinsa cikin wata 12. Mai injin casar shinkafa da ya sake wuri ya shiga cikin wannan rangwame. Mai gidan haya bai shiga ba, domin 'yan haya ne ke zaune a ciki.

A Amurka lamarin dabam ne. Sashe na 1031 na dokar harajinsu ya ba mai gidan haya damar jinkirtawa, muddin ya fayyace gidan da zai saya cikin kwana 45, ya kuma kammala ciniki cikin kwana 180. Can ɗin ma ba yafewa aka yi ba, harajin yana jiran ranar da za a sayar da sabon gidan.

A ran 26 ga watan Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji, wadda aka tsai da 1 ga Janairu 2026 ta fara aiki. Bisa gare ta, ana haɗa ribar da sauran abin da mutum ya samu a shekara. Naira 800,000 na farko ba haraji a kansu, daga nan sai ya riƙa hawa har kashi 25. An yi rangwame ga mai sayar da hannun jari ya sayi wasu, amma ban da mai gidan haya.

Ga misali: mutum ya sayi gida Naira miliyan 4, ya kashe miliyan 1 wajen ƙara ɗakuna, ya sayar miliyan 9. Ribarsa miliyan 4 ke nan. A tsohuwar doka Naira 400,000 zai biya. A sabuwar kuwa 510,000 ne idan ba shi da wani samu, na ma'aikaci mai albashi kuma ya fi haka. Hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kebbi ce ke karɓa daga ɗaiɗaikun mutane.

Saboda haka mai niyyar ƙaura da jarinsa ya ware kuɗin haraji tun kafin ya sayi siminti, kada gini ya tsaya a rabi. Ya kuma adana takardar ciniki da rasit na kowane aiki, domin abin da babu shaidarsa, ba za a cire masa shi daga riba ba.