Fashin Makaranta a Karkarar Nijar

Kalmar fashi tana da ma'ana fiye da ɗaya a Hausa. Akwai fashi da makami, akwai kuma fashin da ake nufi a nan, wato yaro ya ƙi zuwa makaranta, ko a hana shi zuwa, a ranar da ake karatu. A Nijar ana kiran makarantar boko lakwal, malaminta kuma mushe, dukansu aro ne daga Faransanci.

Shekarar karatu a Nijar tana farawa a watan Oktoba, ta ƙare a watan Yuni. Oktoba kuwa lokacin kaka ne. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa ana girbin gero, ana roron wake, kuma kowane gida yana bukatar hannun yaransa. Ban da wannan, makarantu da yawa azuzuwansu na kara da zana ne, ba a samun kayan gina su sai an gama girbi. Saboda haka yara da dama sukan rasa makonnin farko. Bayan kaka kuma ga ranar kasuwar mako, ga talla, ga kiwo, ga ɗebo ruwa.

Iyaye sukan ce kwana ɗaya ba komai ba ne. To, bari mu yi lissafi. Yaron da yake fashi ranar kasuwa kaɗai, sau ɗaya a mako, zai rasa kwana 30 ko kusan haka kafin shekara ta ƙare, wato kamar mako shida na karatu ke nan.

Asarar ta fi tsanani a aji ɗaya da aji biyu, domin a nan ake koyon baƙi da wasali, kuma darasin yau a kan na jiya yake zaune. Wanda bai zo ranar da aka koyar da wani harafi ba zai yi ta tuntuɓe da shi a kowace kalma. Ga kuma batun harshe. Yaron da ya tashi da Hausa, idan da Faransanci ake koyar da shi, ba ya jin harshen nan a gida ko a kasuwa, sai a aji. Idan ya yi fashi ya rasa darasi, ya kuma rasa harshen darasin. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram don rage irin wannan wahala, amma ko a can sai an zo aji ake koyo.

Yaron da aka bari a baya yakan ji kunya, ya koma ƙarshen aji ya yi shiru. Daga nan sai maimaita aji, sai barin makaranta. A inda ake dafa wa ɗalibai abinci, mai fashi ya rasa har abincin rana. Yarinya kuwa, idan ta daɗe ba ta zuwa, sau da yawa maganar aure ce take biyowa, shi ya sa a 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar kare ƴan mata masu karatu.

Maganin yana farawa daga kiran suna kowace safiya. Idan mushe ya ga yaro bai zo kwana biyu ba, ya aika gidansu ya ji dalili, mai gari da kwamitin iyaye su sa baki. Hausawa na cewa yau da gobe ta sa allura ginin rijiya. Haka karatu yake.