Kare ne ko dila? Yadda gwajin DNA ke raba gardama

A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, idan gari ya waye aka tarar an kashe ɗan akuya a bayan gida, nan da nan gardama ke tashi. Mai akuya ya ce karen maƙwabci ne, mai kare ya rantse dila ne ya shigo daga daji. Sau da yawa karen ne ke kwana a ciki, zumunci kuma ya taɓu. Sawu kawai ba ya raba wannan gardama, domin na dabbobin biyu sun yi kama sosai.

Ni da nake rubuta manhaja, DNA tamkar lambobin kwamfuta nake ganinsa. Haruffa huɗu ne kacal, A, C, G da T, jere sama da biliyan biyu a jikin kare. Ba sai masana sun karanta duka ba, wuraren da aka san dabbobin sun bambanta kawai suke dubawa.

Misali shi ne ƙwayar gado mai suna AMY2B, wadda ke taimakawa wajen narkar da sitaci. Binciken jami'ar Uppsala ta Suwidin a 2013 ya nuna kyarkeci kwafi biyu yake da shi, kare kuwa huɗu zuwa talatin. Shi ya sa karen gidanku ke rayuwa da ragowar tuwo.

Ina ruwan dila da kyarkeci? A 2015 masana ƙarƙashin Klaus-Peter Koepfli suka tabbatar cewa dila mai ruwan zinare na Afirka ya fi kusa da kyarkecin Turai da Asiya fiye da dilan can. Ashe malamin daji kyarkeci ne. Wani bincike na 2018 ma ya gano burbushin jininsa a karnukan gargajiya na Najeriya. Saboda wannan cuɗanya, alama ɗaya ba ta isa hujja, sai an haɗa da yawa.

A Turai, yawun da ya rage a bakin raunin tunkiya ake gogowa da auduga a gwada, a gane mai laifi. Na'urar karanta DNA irin MinION kuwa ba ta kai girman wayar hannu ba, da USB ake jona ta da kwamfuta, an kuma yi aiki da ita a Irrua lokacin zazzaɓin Lassa na 2018. Kafin ta iso hannun likitocin dabbobinmu, a daure a riƙa bincike kafin a ɗauki sanda.