Matatar iska mai shan mai: riba da hasararta a motocin gudu

A cikin motocin hannu da ke shigowa Nijar, akan samu masu ƙarfin gudu, irin su BMW da Golf GTI, waɗanda masu su na farko suka cire musu matatar iska ta takarda, suka sa wata ta auduga mai jan launi. Makanikai na kiran matatar iska filtar. Wannan ta audugar an jiƙa ta da mai na musamman, kuma wanda ya fi suna wajen ƙera ta shi ne kamfanin K&N na Kaliforniya a Amurka, sai BMC na Italiya.

Inji na buƙatar iska sosai. Kowane kilo ɗaya na esansi yana cin kusan kilo 14,7 na iska kafin ya ƙone daidai. Matatar takarda na tare ƙura da ƙananan ƙofofinta. Ta auduga kuwa ƙofofinta sun fi faɗi, man da ke jikin zaren ne ke kama ƙurar. Shi ya sa iska ta fi wucewa cikin sauƙi.

Ribar farko ita ce ba a jefar da ita. Idan ta yi datti a wanke, a shanya, a sake shafa mata mai. K&N na cewa tana iya kai kilomita 80.000 kafin wanki, amma a kan kwalta mai tsabta. Riba ta biyu ɗan ƙarin ƙarfi ne, da kuma gurnanin inji da samari ke so. Sai dai ƙarin bai wuce ƙarfin doki kaɗan ba, kuma ba ya fitowa sai an take mota har ƙarshe, kamar a filin tsere. A cunkoson Yamai ko Maraɗi direba ba zai ji bambanci ba. Batun rage shan esansi ma bai taka kara ya karya ba, domin kwamfutar mota ce ke auna esansi daidai da iskar da ta shiga.

Hasarar ta fi nauyi. Ƙofar da ta bar iska ta wuce takan bar ƙura mai laushi ta bi ta. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Bodele a Cadi tun daga Nuwamba har Maris, tana shiga inji ta riƙa cin zobban fistan da bangon silinda sannu a hankali. Ba a gane ɓarnar sai mota ta soma shan mai da fitar da shuɗin hayaƙi, lokacin da gyara ya ninka kuɗin matatar sau da yawa.

Akwai kuma na'urar auna iska, wadda makanikai ke kira debimetir. Tana aiki da wata siririyar waya mai zafi da ke bayan matata. Idan an cika wa matata mai, yakan fantsama kan wayar, ƙura ta manne, na'urar ta ba kwamfuta lissafin ƙarya. Daga nan mota ta soma shaƙewa, fitilar inji ta kunna. Idan kuma man ya yi kaɗan, auduga ta bushe, ƙura ta samu hanya.

Wanda ya riga ya mallake ta, kada ya busa ta da iskar kwamfaresa, kada ya wanke ta da esansi ko ya shafa mata baƙin mai. Ruwan wankinta da manta daban ake sayar da su, kuma sai ta bushe sarai kafin a shafa. Ya riƙa leƙa cikin bututun da ke bayanta: idan yatsa ya fito da ƙura, matatar ba ta aikinta.

Ga motar da ke bin hanyar Tawa, Damagaram ko ƙauyuka, matatar takarda ta asali, a canza ta da zarar ta toshe, ita ta fi kare inji.