Kallon Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Fagge ko Sabon Gari ya san rafin Jakara, amma kwata ce kawai ya sani, mai ɗauke da dagwalon birni. Alhali kuwa tarihin Kano ya nuna cewa a da can Jakara kurmi ce mai duhuwa da ruwa kwance. Ko a 1851, lokacin da Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano, ya tarar da ita babban tafki a tsakiyar gari. Haka kuma dattawan Fagge suna ba da labarin yadda ungulu kan yi dafifi a mayanka, amma yau sai mutum ya shekara bai ga ko ɗaya ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani game da wata fadama da har yanzu tsuntsaye ke taruwa a cikinta, da yadda ake zuwa kallonsu da ɗaukar hotonsu.

Inda Fadamar Take

Fadamar tana arewa maso gabas da Kano, ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suka haife ta. Idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayin rairayi, sai su rarrabu, ruwa ya malala ko'ina a watannin Agusta da Satumba, sannan abin da ya rage ya haɗu ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Shi kuwa Kogin Haɗeja, daga Kogin Kano da na Calawa ya samo ruwansa. Ashe ke nan tushen fadamar a ƙasarmu yake. Tun 1930 aka haɗa Kano da Nguru da layin dogo, kuma kifin banda da shinkafar wannan yanki sun daɗe suna shigowa kasuwanninmu.

Wurare uku ne suka fi shahara wajen masu kallo: Tafkin Nguru, da gandun Baturiya a ƙasar Haɗeja, da Dagona a ƙasar Bade kusa da Gashuwa. Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, kuma Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarce ta a 1989. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008.

Tsuntsayen da Ake Gani

An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 300 a wannan fadama. Akwai 'yan gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma baƙi, watau agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa waɗanda ke yin ƙwai a Turai da arewacin Asiya. Idan sanyi ya rufe ƙasashensu, abinci ya yi wuya, sai su keto Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a nan, su yi hunturu tare da mu, su koma wajen watan Maris. Shamuwa ita ma baƙuwa ce, amma tata tafiyar cikin Afirka take, shi ya sa Bahaushe ke ɗaukar zuwanta albishir na damina.

Ladubban Kallo da Ɗaukar Hoto

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da tsuntsaye ke kiwo kuma hasken rana ke da taushi. Mai kallo yana bukatar madubin hangen nesa, da littafin rubutu, da tufafi marasa ɗaukar ido, domin farar riga daga nesa take korar tsuntsu. Ya nemi izinin ma'aikatan gandu, ya gaida mai gari, ya kuma ɗauki ɗan jagora, musamman masunci mai kwalekwale. Mai kyamara ya sa rana a bayansa, ya durƙusa, ya yi haƙuri. Kada ya yi jifa don garke ya tashi ya sami hoto, kuma kada ya kusanci sheƙa. Ga mu ɗaliban Hausa kuwa akwai wata riba ta daban: a bakin masunta da makiyaya ne za mu tsinci sunayen tsuntsaye da karin maganar da suka fara ɓacewa a birni.

Matsalolin Fadamar

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke rayar da fadamar ta ragu ƙwarai. Bugu da ƙari, ruwan da ake saki da rani ya hana magudanai bushewa, sai ciyawar kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu yi wa shinkafa ɓarna. Wannan bai tsaya ga tsuntsu kaɗai ba, ya shafi manomi da masunci da Bafulatanin da ke kai shanu kiwon rani. Ba laifi ba ne Kano ta sha ruwa ko a yi noman rani a Kadawa, sai dai tilas a riƙa sakin ruwa bisa tsari, domin na ƙasan kogi ma yana da hakki.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta shirya ziyara zuwa Baturiya ko Dagona a hunturu mai zuwa, kowa da littafinsa, mu rubuto sunayen da muka ji da abin da muka gani. Kakanninmu sun ga Jakara da ruwanta, mu labari muka tarar. Allah ya sa kada jikokinmu su ce haka game da fadamar Haɗeja, amin.