Tayil ɗin roba: Yadda yankan reza ke ƙawata ɗaki ko ya mayar da mai gida kasuwa

Wanda ya zaga Kasuwar Kayan Gini ta Dei-Dei a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, zai lura da wani kaya da ya samu gurbi a tsakanin tayil da fenti: dogayen kwalaye ɗauke da falle-fallen roba masu kamar katako ko marmara. 'Yan kasuwa na kiran su LVT ko SPC, masu saye kuwa kan ce tayil ɗin roba. Ƙane ne ga ledar ɗaki da iyaye mata suka daɗe suna shimfiɗa wa amare ranar jere, sai dai ya fi ta kauri, ya fi ta ƙarko, ya kuma fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ke jan hankalin jama'a gare shi a bayyane yake. Ba ya buƙatar kwaɓin siminti, ba ya sanyin tayil a lokacin hunturu, kuma ana iya gama ɗaki guda cikin yini. Ga ɗan haya a Abuja, wanda ba shi da ikon fasa daɓen gidan wani, nau'in da ake harhaɗawa ba tare da gam ba yana da wata fa'ida: ranar tashi yana iya kwance abinsa ya tafi da shi.

Sai dai galibin kayan daga ƙetare ake shigo da su, musamman daga China, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin irin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabo. Don haka duk fallen da aka yanka ba daidai ba, kuɗi ne aka jefa a shara. A wannan aiki, shimfiɗa tsakiyar ɗaki kowa na iyawa. A bakin bango, da gindin ƙofa, da kewayen bututu ake gane gwani.

Abin da reza ke ratsawa

Asalin kayan roba ce da ake kira PVC. Wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Waldo Semon, shi ne ya gano hanyar tausasa ta a 1926 lokacin da yake aiki da kamfanin B.F. Goodrich, daga nan aka fara sarrafa ta zuwa kayan amfanin gida.

Fallen zamani hawa-hawa ne. A sama akwai wata fata mai garai-garai wadda ke ɗaukar takun ƙafa, kaurinta bai cika wuce rabin milimita ba. A ƙarƙashinta akwai hoton katako ko dutse, sai gangar jikin, sai bayan. Nau'in da ake mannawa da gam siriri ne, milimita 2 zuwa 3, yana lanƙwasuwa a hannu. Nau'in SPC kuwa an cakuɗa robarsa da garin farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi, shi ya sa yake da tauri, kaurinsa kan fara daga milimita 4, kuma gefensa na da leɓe da kwarmi da ke shiga juna.

Sanin wannan shi ne mabuɗin yankan. Ba a buƙatar reza ta ratsa fallen gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne ta tsaga fatar sama da hoton, sauran kuma ya karye da kansa a kan layin, kamar yadda masu gilashi ke yi.

Lissafi kafin wuƙa

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3.5, wato murabba'in mita 14. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ɓarnar yanka, ya zama 15.4. Idan kowane falle na da tsawon santimita 122 da faɗin 18, kuma guda 10 ne a kwali, to kwali 7 ake buƙata, wato falle 70.

A nan ne gaggawa ke fara ɓarna. Idan aka cire 'yar tazarar da ake bari a jikin bango biyu, faɗin ɗakin ya koma santimita 348.8. Wanda ya fara da cikakken falle zai jera layi 19, ya tarar da ragowar santimita 6.8 kacal a bango na ƙarshe: siririn tsinke mai wuyar yanka, mai saurin ɓallewa, wanda ke tona asirin duk wata karkata da magini ya bari. Gwani kan raba gardamar tun farko, ya rage layin farko da na ƙarshe kowanne ya zama santimita 12.4, sai ɗakin ya fito daidai ta ɓangarorin biyu.

A wannan tsari layi 20 za a jera, kuma za su ci falle kusan 66. Ma'ana, kuskure huɗu ne kawai tsakanin mai aiki da komawa kasuwa. Komawar ma ba ta da tabbas, domin kowane zubi na masana'anta na da lambarsa a jikin kwali, kuma launin wani zubin kan ɗan saɓa da na wani. Bambancin da ba a gani a shago, hasken taga kan fito da shi ɓaro-ɓaro a tsakar ɗaki. Wanda ya zaɓi jeren karkace ko mai kamar ƙayar kifi kuwa, sai ya ƙara kashi 15 ko fiye.

Tsaga da karyawa

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙar reza mai sauya baki, sikwaya ta ƙarfe, tef na awo, fensir da filaya. Ana ajiye fallen a kan katako fuskarsa na kallon sama, a danne sikwaya a kan layin, a ja reza sau biyu ko uku da matsakaicin ƙarfi. Daga nan a ɗora layin a kan gefen tebur ko a kan gwiwa, a danna ƙasa, sai ya karye tsaf. Idan bayansa na da soso, a bi shi da reza a raba.

Kuskuren da ya fi yawa a nau'in mai harhaɗawa shi ne yanke ɓangaren da bai kamata ba. Fallen ƙarshen layi dole ya riƙe bakinsa da zai shiga na kusa da shi. Dabarar ita ce a juya shi kai ya koma ƙafa, a kai bakinsa kusa da bango, a yi alama daidai inda fallen da ke ƙasa ya ƙare, a yanka, sannan a mayar da shi yadda yake. A ɗakin da aka yi misali da shi, guntun da zai cike layi santimita 32.8 ne, ragowar santimita 89 kuma ita za ta buɗe layi na gaba. Ta haka gaɓoɓi ba sa haɗuwa a wuri guda, kuma ana so a bar aƙalla santimita 15 zuwa 20 tsakanin gaɓar wani layi da ta maƙwabcinsa.

Ga nau'in gam mai siffar tayil, akwai tsohuwar dabara da ba ta buƙatar tef. A ɗora wanda za a yanka daidai a kan cikakken tayil na ƙarshe, a ɗora wani a kansa a tura shi ya taɓa bango, a ja layi a bakinsa. Abin da ya leƙo shi ne daidai girman gurbin, ko da bangon a karkace yake.

Yankan tsaye, wato bin tsawon falle, ya fi wuya, domin siririn gefe ba ya karyuwa da hannu. A tsaga shi sosai, a riƙa ɓallewa da filaya kaɗan-kaɗan. Masu manyan kwangiloli kan yi amfani da injin datsa ko zarton lantarki, amma zarto na tayar da ƙurar dutse da roba, don haka a waje ake yi, da takunkumi da tabarau.

Ƙofa, bututu da gindin masai

A gindin firam ɗin ƙofa na katako, ba fallen ake sassaƙawa ba. Ana kwantar da guntu a jikin firam ɗin, a ɗora zarto a kansa a yanke ƙasan katakon, sai fallen ya shige ƙarƙashi. Firam na ƙarfe, wanda ya yi yawa a gidajen Najeriya, ba ya karɓar wannan, sai dai a zana siffarsa a jikin kwali, a gwada har ta zauna, sannan a kwafa a kan fallen. Haka ake yi wa gindin masai da duk wani abu mai lanƙwasa. Wajen bututu kuwa ana huda rami da ya ɗara bututun faɗi da kimanin santimita ɗaya. Ɗumama nau'in gam da na'urar busar da gashi na sa reza ta bi lanƙwasa cikin sauƙi.

Reza mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci. Dakusasshiya na buƙatar ƙarfi, ƙarfi kuma ke sa ta zame ta faɗa wa yatsun da ke riƙe da sikwaya. Bakin reza ya fi falle araha, ya kuma fi ɗinkin asibiti.

Tazarar da zafi ke nema

Akwai yankan da ake ganin ya yi kyau ranar da aka gama, amma shi ne mafarin lalacewa: wanda ya matse da bango ƙam. Roba na buɗewa da zafi, tana tsukewa da sanyi. Yawancin masana'antu na ba da shawarar a ajiye kwalayen a kwance cikin ɗakin na tsawon awa 48 kafin a fara, a yanayin da ke tsakanin digiri 18 zuwa 27, sannan a bar tazarar milimita 5 zuwa 10 a kewayen bango ga nau'in da ba a mannawa. Sikatin ne ke rufe wannan tazara daga baya.

A Abuja, inda zafin watan Maris kan haura digiri 35, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Daɓen da aka shimfiɗa da sanyin Disamba ba tare da tazara ba, yana iya tasowa ya yi tozo a tsakiya kafin damina ta faɗi, musamman a gaban taga mai kallon yamma. Haka nan daɓen simintin da bai bushe ba kan hana gam kamawa, wanda ke da tudu da kwari kuma kan karya leɓen fallen a hankali. Masu sana'ar na ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe mai mita 2 a ƙasa, idan ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, sai an cike kafin a buɗe kwali.

A tsofaffin gidaje da aka gina kafin ƙarshen shekarun 1980, wasu tayil ɗin roba na wancan zamani na ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke illata huhu. Irin waɗannan ba a kankare su ko a goge da inji.

Mai gidan da zai ɗauki ma'aikaci na iya gane hannunsa tun kafin a yanka falle ɗaya. Ya duba ko ya auna faɗin ɗakin a wurare uku, ko ya karanta lambar zubi a jikin kwalaye, ko ya zo da fakitin sabbin reza. Idan an gama kuma, ya ajiye ragowar falle biyu ko uku a kwance a wuri mai inuwa, domin ranar da garwashin turaren wuta ya faɗo a kan daɓen, samun irin launin a kasuwa sai an dace.