Rim da Taya: Ido Ke Saye, Hanya Ke Hukunci

Shagon mai sayar da rim ba ya buƙatar allon talla. Kayan ne ke kiran mutum tun daga bakin titi: an rataye su a bango sahu-sahu, wani fari fat yana walƙiya, wani baƙi wuluk, wani an yi masa ƙafafu siri-siri yadda in an ɗaura shi har birki za ka hango ta ciki. A ƙasa kuma tayoyi ne jibge, sababbi cikin ledarsu, na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da su, an wanke an shafe su da mai suna ta sheƙi. Za ka tarar da irin waɗannan shaguna a kasuwannin kayan mota kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, ga kuma babbar kasuwar Ladipo a Legas, inda 'yan kasuwar arewa da yawa ke zuwa sari.

Ba ɗaya suke da mai faci na gindin bishiya ba, ko da yake da dama daga cikinsu daga nan suka taso. Mai faci, wanda matsala ta kama ne ke zuwa wurinsa, ƙusa ta huda taya ko iska ta sauka. Mai rim kuwa, wanda sha'awa ta kama ne ke nemansa. Motar lafiyarta ƙalau, ƙafafun da kamfani ya sa mata ba abin da ya same su, mai ita ne kawai ya ga ta wani ta wuce shi a titin Zoo na Kano da rim inci 18, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Saurayin da ke shirin aure, ɗan kasuwar da ya samu buɗi, yaran da ke wasan mota a wajen biki suna ƙona taya har hayaƙi ya turnuƙe, su ne abokan cinikin wannan sana'a. Dukkansu da ido suke saye. Aikin maigidan shago, idan ya san abin da yake yi, shi ne ya sanya awo a tsakanin idon mai saye da aljihunsa.

Awon farko shi ne ramukan noti. Mai saye yakan ƙirga ya ga biyar nan, biyar can, ya ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Akwai faɗin da'irar da ramukan ke zaune a kanta, wanda ake aunawa da milimita. Toyota Camry da Honda Accord suna da rami biyar a kan 114.3. Corolla ta shekarun 2003 zuwa sama, wadda ta cika titunanmu, yawanci rami biyar ce a kan 100. Marsandi tana kan 112, tsofaffin BMW a kan 120, Fijo 406 rami huɗu a kan 108, Hilux kuwa shida a kan 139.7. Inda ake halaka mutane shi ne tsakanin 112 da 114.3. Bambancin bai kai milimita biyu da rabi ba, don haka in aka matsa, rim ɗin zai shiga, notin ma zai ɗauru. Sai dai ya ɗauru a karkace, kuma ƙarfen da aka ɗaure a karkace aka ɗora masa nauyin mota, yau ne ko gobe zai karye.

Ko da ramukan sun dace, saura ramin tsakiya, wanda ke zama a kan wuyan ƙafar mota. Na Toyota irin su Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1. Wato rim ɗin Honda zai hau Toyota amma da gibi, na Toyota kuwa ba zai shiga Honda ba sai an kai shi wajen masu injin ƙwaƙule ƙarfe. Masu ƙera rim na kasuwa sun san haka, shi ya sa suke buɗa ramin da yawa don ya shiga motoci iri-iri, sannan a cike gibin da wani ɗan zobe na roba mai ƙarfi ko na alminiyam. Zoben nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma shagunan da ke damuwa da sa shi ba su da yawa, sai mai mota ya hau hanyar Zariya ya ji sitiyari yana karkarwa a hannunsa, ya yi ta zarya wajen masu balansin ba a gano ciwon ba. Akwai kuma lambar da ake bugawa a bayan rim bayan haruffan ET, wadda ke nuna ko ƙafar za ta nutse ciki ko za ta ɓullo waje. In ta nutse fiye da kima za ta gogi shoka, in ta ɓullo za ta ci bakin bodi duk lokacin da aka ɗauki mutum huɗu a baya.

Shi kansa rim ɗin iri-iri ne. Mafi yawan abin da ke rataye a bango na zubi ne, wato an narka alminiyam an zuba a mazubi. Akwai wanda ake ƙerawa ta hanyar danne dunƙulen ƙarfe da injin mai tsananin nauyi, ya fi ƙarfi, ya fi rashin nauyi, tsadarsa kuma ta ninka sau da yawa. Irinsa ne ya ɗaukaka sunan kamfanoni kamar BBS na Jamus da Rays na Japan. Amma duk wanda ya ga waɗannan sunaye a kan rim guda huɗu da farashin da bai kai na guda ɗaya ba, ya san kwaikwayo ne daga Sin. Ban ga laifin sayar da na kwaikwayo ba in an faɗa wa mutum gaskiya. Laifin shi ne a karɓi kuɗin asali. Gogaggen mai shago yakan juya rim ya duba bayansa, ya nemi tambarin JWL da VIA na gwajin Japan, da nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka, duk da cewa masu jabu su ma sun iya buga tambari. Daga ƙarshe hannu ne ke rarrabewa: yadda aka gama aikin bayan, da nauyinsa, da ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa.

Sai taya, wadda ita ce ainihin abin da ke riƙe da rai, amma ita ce ake tunawa bayan kuɗi sun ƙare a rim. Duk bayanin taya yana rubuce a gefenta. Ɗauki 205/55 R16 91V. Faɗinta milimita 205. Tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na wannan faɗi, kimanin milimita 113 ke nan. Tana hawa rim inci 16. Lamba 91 tana nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615, harafin V kuma gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 240 a awa. T na tsayawa a 190, H a 210, W a 270, Y a 300. To ga inda lissafin sana'ar yake: in an ƙara girman rim, dole a rage tsayin gefen taya, don kada girman ƙafar gaba ɗaya ya canja, mitar gudu ta fara ƙarya, taya ta fara cin bodi. Mai 205/55 R16 in yana son inci 17 zai koma 225/45, in 18 yake so sai 225/40. Ƙafar tana nan kusan yadda take, amma robar da ke tsakanin rim da ƙasa ta ragu daga milimita 113 zuwa 90.

Waɗannan milimita 23 su ne dukkan gardamar. Tayoyin gudu irin su Michelin Pilot Sport, da Pirelli P Zero, da Bridgestone Potenza, an yi su ne da roba mai laushi mai kama kwalta, da gefe gajere mai tauri wanda ba ya lanƙwasa a kwana. A kan titi mai santsi abin sai wanda ya tuƙa: mota tana bin hannu, birki yana kamawa nan take. Amma robar da ke kama ƙasa da kyau ita ce ke saurin cinyewa, gajeren gefe kuma ba shi da inda zai shanye duka. Rami ɗaya da ruwan damina ya rufe ya isa ya sa taya ta yi ƙulu, bakin rim ya lotse ko ya tsage. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce unguwannin Maitama da Asokoro na Abuja ba yana iya yin abin da ya ga dama. Wanda kuwa ke zuwa ƙauye gaida iyaye duk wata, sayar masa da inci 19 kamar ɗinka wa manomi takalmin sau-ciki ne ya shiga fadama da shi.

A nan ne ake gane maigidan kirki, domin riba ta fi yawa a babban rim. Za ka ji irinsa yana lallashi: “Alhaji, motarka ce, kuɗinka ne, amma ka tsaya a sha bakwai, hanyar garinku ba za ta bar maka sha tara ba.” Wani ya ji, wani ya ce ai ba shawara ya zo saye ba, ya tsallaka shagon gaba. Bayan wata biyu sai ga shi da rim a but yana neman mai miƙewa. Miƙe rim ma sana'a ce mai zaman kanta, ana gasa shi a danne da injin har ya dawo daidai. Wanda ya lotse yana gyaruwa. Wanda ya tsage aka yi masa walda kuwa, a ganina bai kamata ya sake hawa ƙafar gaba ba, ko da mai waldar ya rantse.

Duk wannan kaya daga waje yake zuwa. Da can Najeriya tana ƙera tayarta, Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop a Ikeja. Na farko ya rufe a 2007, na biyu ya daina ƙerawa a 2008, tsadar wuta da kwararowar taya mai arha daga waje suka kore su. Tun daga nan farashin taya ya zama ɗan amshin shatan dala, kuma da aka saki naira a 2023 mutane da yawa suka sauka daga Michelin zuwa Maxxis, daga Maxxis zuwa su Triangle da Westlake, wasu kuma suka gangara Beljiyam. Tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, amma ba kasuwar da ba ta cika da ita ba.

Mai saye yana kallon zane ne kawai, in ya ga haƙoran da sauransu sai ya ce taya tana da rai. Mai sana'a shekara yake dubawa. Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, Michelin kuwa yana cewa a riƙa kai ta dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai taɓu ba. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba. Wata matsalar da ba kowa ya sani ba ita ce tayar hunturun Turai, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe. An haɗa robarta ne don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7, sai ga ta a kan kwaltar Kano a watan Afrilu, zafin iska kaɗai ya haura 40. Zanenta mai zurfi ne, shi ya sa take ruɗar ido, amma cinyewa take yi kamar ana kankare ta. Ga masu sake yanka zane a sudaddiyar taya da wuƙa mai zafi, ga masu cusa sababbin tayoyi cikin juna a kwantena don rage kuɗin dako, abin da ke karya wayar cikinsu tun ba a ɗaura su ba, wanda hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kamawa. Hatsarin da ya ci ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, binciken FRSC ya danganta shi da gudu da fashewar tayar baya.

Aikin hannu kuma na yaran shago ne. Yaro yana farawa da jak da sifana da ruwan sabulu, sai ya daɗe kafin a bar shi ya taɓa injin cire taya, domin kuskure kaɗan zai kankare fentin rim na dubban ɗaruruwa, maigida ne kuma zai biya. Yana koyon duba kibiyar da ke nuna inda taya za ta juya, da gefen da aka rubuta Outside wanda dole ya kalli waje. Yana koyon karanta injin balansin, yana manna darma giram biyar-biyar a cikin rim inda ido ba zai gani ba. Abin da ya fi wuyar koya masa shi ne ya daina hawa kan sifana da ƙafa yana tsalle, ya ɗaure noti a gicciye daidai gwargwado. Sai iska. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyaka ce, ba abin da ake so a sa ba ne. Abin da mota ke buƙata yana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 ga ƙananan motoci, amma har yau akwai masu auna iska da bugun sifana.

Ciniki yawanci canji ne da ciko. Mai mota ya bar tsofaffin ƙafafunsa huɗu, a yi musu kuɗi a cire, shagon kuma ya wanke su ya rataye wa wanda nasa ya fashe. Tsofaffin tayoyi masu sauran rai su tafi wurin 'yan haya, matattu kuma ga masu yanka takalmi da masu yin roba ta ɗaure kaya. Dillalin da ya jawo mai saye daga bakin kasuwa yana gefe yana jiran la'adarsa. Noti ne kawai bai kamata mai mota ya bari a shago ba. Yawancin rim na kasuwa suna zuwa da notinsu mai tsinin kai, na Honda na asali kansa a dunƙule yake, na rim ɗin alminiyam na Toyota kuma shafaffe ne mai washa, ba kowanne ke zama daidai a mazaunin ɗan'uwansa ba. Safayar da ke but har yanzu ta kamfani ce, don haka a ƙulla tsofaffin noti guda biyar a leda a ajiye kusa da ita, tare da makullin sababbin in masu makulli ne.